Su Ma Yahudawa Kashi-Kashi Ne

In mutum ya zauna a wata majalisa a Unguwar Mafoni cikin Maiduguri bayan la'asar, ana shan shayi ana taɗin duniya, da wuya a tashi ba a ambaci Yahudawa ba. Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktoba na 2023 abin ya daɗa yawa. Wannan ya ce Yahudawa sun yi kaza, wancan ya ce Yahudawa sun ce kaza, sai ka ce ana zancen mutanen gida guda masu uba ɗaya da limami ɗaya. Can sai wani yaro ya miƙo waya, ya nuna hoton waɗansu dattawa masu baƙaƙen riguna da dogon gemu a birnin New York, suna riƙe da tutar Falasɗinu, ya ce ai waɗannan ma Yahudawa ne, malamai ma kuwa. Nan fa majalisa sai ta rikice.

Amsar ba ta da nisa. Mu nan mun san Musulmi ba bakinsu ɗaya ba a kan kowace mas'ala, ga Ƙadirawa, ga Tijjanawa, ga 'yan Izala, kowa da masallacinsa a unguwa guda. Kirista kuma ya san bambancin Katolika da Ekklesiyar 'Yan'uwa. To, haka su ma Yahudawa suke, har nasu saɓanin ya kai ga wani ba ya cin yankan wani, wani kuma ba ya karɓar auren da malamin wani ya ɗaura. Duk duniya ba su wuce miliyan 16 ba, watau ba su kai kashi ɗaya cikin goma na mutanen Nijeriya ba. Wajen miliyan 7 suna Isra'ila, kusan kamar haka suna Amurka, saura kuwa suna warwatse a Faransa da Kanada da Ingila da sauran ƙasashe. Amma duk da ƙarancinsu rabe-rabensu suna da yawa, kuma wanda bai san su ba zai riƙa jin labarin duniya rabi da rabi.

HANYAR TARABULUS

Bari mu fara daga gida. A Mafoni ne Turawan Ingila suka kafa sansani bayan sun shigo Borno a 1902, kuma kusa da nan Shehu Abubakar Garbai ya kafa Yerwa a 1907. Fatake Larabawa, waɗanda Barebari ke kira Wasili, su ma suka zauna a sabon birnin, unguwarsu kuwa har yau tana ɗauke da sunan Fezzan, watau yankin kudancin Libiya. Kakanninsu su ne ke tafiya da ayari daga Kukawa, su bi ta Bilma da Murzuk, su yi watanni a hamada kafin su sauke kaya a Tarabulus, bakin Bahar Rum.

A ƙarshen ƙarni na 19 babban abin da ake nema daga Borno da Wadai da Kano, ban da hauren giwa da fatu, shi ne gashin jimina, domin matan Landan da Faris suna ado da shi a huluna. A Tarabulus kuwa yawancin cinikin gashin nan yana hannun attajirai Yahudawa. Su ke ba fataken Gadamas da Fezzan kaya bashi, irin su yadi da sukari da takarda, in ayari ya dawo su karɓi gashi, su tsince shi iri-iri, su aika Turai. Da wuya su ƙetare hamada da kansu, amma dukiyarsu ta sha zuwa kasuwar Kukawa. Rabeh ya ci Borno a 1893, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwar gashin jimina kuma ta faɗi a 1914, sai hanyar ta mutu. Duk da haka dangantakar ba ta yanke nan take ba. Wani Bayahuden Tarabulus mai suna Saul Raccah ya zauna a Kano zamanin Turawa, kuma a shekarun 1930 ya yi gogayya da manyan kamfanonin Turai wajen sayen gyaɗa.

Kafin wannan da daɗewa akwai Yahudawa a Tuwat, can tsakiyar hamadar Aljeriya ta yau, suna ƙira da fatauci. Shehu Muhammadu al-Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, shi ya ja gaba aka rushe majami'arsu ta Tamantit wajen 1492, bayan ya yi jayayya da alƙalin Tuwat wanda bai yarda da yin haka ba. A shekarun 1860 kuma wani malamin Yahudawa ɗan Maroko, Mordekai Abi Serur, ya zauna a Tumbutu yana kasuwanci tare da 'yan'uwansa.

Abin lura shi ne, duk waɗannan da suka taɓa ƙasarmu reshe ɗaya ne. Larabci suke yi, rigarsu da cimarsu irin ta maƙwabtansu ce, har Bayahuden Tarabulus ya fi kama da Balaraben Fezzan fiye da yadda yake kama da Bayahuden Folan. Domin a gane yadda aka yi haka, tilas mu koma tushe.

TUSHE ƊAYA

Littafin da dukansu ke girmamawa shi ne Attaura, mai kashi biyar, sa'an nan littattafan annabawa da Zabura da sauransu, yawanci cikin harshen Ibrananci. Tun zamanin Annabi Isa suna da ƙungiyoyi. Akwai Sadukiyawa, mutanen Haikali, waɗanda ba su yarda da tashin matattu ba. Akwai Farisiyawa, waɗanda suka ce ban da Attaura rubutacciya akwai bayaninta da aka gada baki da baki tun daga Annabi Musa. Akwai kuma waɗansu da suka ƙaurace wa birni suka koma jeji, waɗanda masana da yawa ke danganta su da tsofaffin takardun da aka fara tsinta a koguna kusa da Tekun Gishiri a 1947.

A shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa, Rumawa suka rushe Haikalin Birnin Kudus. Da Haikali ya tafi, hadaya ta tsaya, Sadukiyawa suka ɓace. Magadan Farisiyawa, watau malaman da ake kira rabbi, su suka riƙe jama'a da karatu da addu'a a majami'a. Wajen shekara ta 200 aka tattara koyarwar baka a littafin Mishna, bayan ƙarni uku zuwa huɗu kuma malaman Iraƙi suka kammala babban sharhinsa, watau Talmud. Mai karatu zai iya kwatanta matsayinsa da na littattafan fiƙihu a wurinmu, ko da yake kwatance ba ya zama daidai ta kowace fuska.

Daga nan aka fitar da dokoki 613. Ana yi wa yaro kaciya ran kwana takwas. Ba a cin alade ko jini ko mushe, ba a haɗa nama da madara a girki ɗaya. Addu'a sau uku ce a yini, jam'i kuwa sai da maza goma. Daga faɗuwar rana ran Jumma'a har taurari su fito ran Asabar ba a aiki, ba a kunna wuta, ba a ciniki. Kusan duk saɓanin da za mu ambata a kan waɗannan dokoki yake: wa ke da ikon fassara su, kuma ko zamani yana iya sauya su.

MASU ATTAURA ZALLA

Rabuwa ta farko mai girma ta faru a ƙasashen Musulmi, zamanin Abbasiyawa. A Bagadaza, cikin ƙarni na 8, wani mai suna Anan bin Dawuda ya ƙi bin malaman Talmud, kuma daga baya aka sami jama'ar da ake kira Ƙara'awa, watau masu karatun nassi. Su a wurinsu abin da ke rubuce shi ne hujja, maganar malamai ba ta zama doka. Saboda haka a dā sukan kwana cikin duhu daren Asabar, alhali sauran Yahudawa suna kunna fitila tun kafin rana ta faɗi su bar ta tana ci. Suna duban jinjirin wata kafin su tsai da idi, suna tuɓe takalma a ƙofar majami'a, suna kuma yin sujada a kan shimfiɗa. Sun yi ƙarfi a Alƙahira har shekarun 1950, yau kuwa yawancinsu suna Isra'ila, musamman garin Ramla. Wanda ya fi kowa yi musu raddi shi ne Sa'adiya al-Fayyumi, mutumin Masar, wanda ya fassara Attaura da Larabci, ya rasu a 942.

Akwai kuma Samariyawa, waɗanda rabuwarsu ta girmi wannan nesa. Kashi biyar na Attaura kaɗai suka yarda da shi, alƙiblarsu kuwa Dutsen Garizim ne kusa da Nablus. Ba su kai mutum 1,000 ba yanzu, kuma ba su kiran kansu Yahudawa, sun ce su Bani Isra'ila ne.

NA TURAI DA NA ƘASASHEN LARABAWA

Rabuwa ta biyu ta wurin zama ce. Waɗanda suka zauna a Jamus, daga baya suka bazu Folan da Lituwaniya da Rasha, su ne Ashkenazawa. Harshensu na gida Yiddish ne, wani irin Jamusanci gauraye da Ibrananci. Waɗanda suka zauna a Andalus su ne Sefardawa. A can aka haifi babban malaminsu Musa bin Maimun, a birnin Kurɗuba, ya zauna a Fas, ya ƙare a Masar yana likita a fadar gidan Salahuddin, ya rasu a 1204. Littattafansa da yawa da Larabci ya rubuta su amma da baƙaƙen Ibrananci, kamar dai yadda malamanmu ke rubuta Hausa da ajami.

A 1492 sarakunan Sifen suka kori Yahudawa duka, sai wanda ya yarda ya zama Kirista. Korarrun suka nufi Maroko da Tunis da ƙasashen Daular Usmaniyya, suka tarar da tsofaffin Yahudawan wuraren, al'adarsu kuma ta rinjaya. Ɗaya daga cikinsu, Shimon Labi, ya sauka a Tarabulus a 1549 a kan hanyarsa ta zuwa Ƙasa Mai Tsarki, ya ga karatu ya yi rauni a garin, sai ya fasa tafiya ya zauna yana koyarwa. A kan wannan turba attajiran gashin jimina suka taso. Na Iraƙi da Yaman da Farisa kuwa, waɗanda ba su taɓa zama Andalus ba, ana kiransu Mizrahawa, watau mutanen gabas.

Bambancin yana fitowa a abubuwan yau da kullum. Littafin hukunce-hukuncen da aka fi bi shi ne Shulhan Arukh na Yusufu Karo, Basefarde, wanda aka buga a 1565, amma Ashkenazawa ba su karɓe shi ba sai da Musa Isserles na Krakow ya ƙara masa bayanin al'adunsu. A Idin Ƙetarewa Sefardawa da yawa suna cin shinkafa, Ashkenazawa ba sa ci. Basefarde yakan raɗa wa jariri sunan kakansa yana raye, Ba'ashkenaze kuwa sai wanda ya mutu. Wajen shekara ta 1000 wani malami a Jamus, Gershom, ya hana Ashkenazawa auren mace fiye da ɗaya, amma a Yaman da Arewacin Afirka an ci gaba da yi har ƙarni na 20.

Yahudawan Habasha, masu kiran kansu Beta Isra'ila, nasu daban ne. Ba su san Talmud ba, littattafansu da harshen Ge'ez suke, limamansu kuwa ana ce musu kes. An daɗe ana musun ko su Yahudawa ne, sai a 1973 babban malamin Sefardawa na Isra'ila, Obadiya Yusuf, haifaffen Bagadaza, ya ba da fatawa cewa su ne. An kwashe dubbai ta Sudan a 1984, sa'an nan a watan Mayu na 1991 aka ɗebi fiye da 14,000 daga Addis Ababa cikin kwana biyu.

Yawancin waɗannan tsofaffin mazauni kaɗan ne suka rage cikinsu yanzu. Gwamnatin Hitler ta hallaka Yahudawan Turai wajen miliyan 6 a Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan kafa Isra'ila a 1948 kuma zama ya gagari na ƙasashen Larabawa. Fiye da 30,000 suka bar Libiya tsakanin 1949 da 1951, ragowar suka fita bayan yaƙin 1967.

MASU SHEHUNAI

Mutanen nan masu baƙaƙen riguna da ake gani a hoto, da yawa daga cikinsu Hasidawa ne. Tafarkinsu ya fara a yankin Ukraniya cikin ƙarni na 18, a hannun wani malami da ake yi wa laƙabi da Ba'al Shem Tob, wanda ya rasu a 1760. Ya koyar cewa talakan da bai yi zurfin karatu ba yana iya kusantar Ubangiji da tsarkin zuciya da farin ciki da waƙa. Kowace jama'a tana da shehinta, ana ce masa rebbe, ana zuwa wurinsa neman albarka da shawara, in ya mutu ɗansa ko surukinsa yakan gaje shi, ana kuma ziyarar kabarinsa. Wanda ya san zawiya ba zai rasa gane wannan tsari ba.

Kuma kamar yadda mai karatu zai zata, an sami masu inkari. Babban malamin Bilna ta Lituwaniya, Iliya, wanda ya rasu a 1797, ya sa hannu a takardar da ta hana hulɗa da Hasidawa, yana ganin sun raina karatu sun kawo bidi'a. Har ƙarar juna aka kai wurin hukumar Rasha. Daga baya da zamani ya zo musu da barazana guda, sai suka haɗa kai. Yau ana haɗa su duka a kira su Haredawa, watau masu rawar jiki don tsoron Allah. Suna da yawan haihuwa, 'ya'yansu maza kuwa makarantun Talmud suke yi. Cikin Hasidawa akwai jama'ar Habad, wadda shehinta na ƙarshe ya rasu a New York a 1994, ita ce ke aika malamai ko'ina a duniya su kula da Yahudawa matafiya da ma'aikata, har Abuja tana da gida.

DA ZAMANI YA ZO

Rabuwa ta uku ita ce ta zamani. Bayan juyin juya halin Faransa na 1789, ƙasashen Turai suka fara ba Yahudawa 'yancin zama 'yan ƙasa, suka fito daga unguwannin da aka killace su, suka shiga jami'a da aikin gwamnati. Sai tambaya ta taso: yaya mutum zai zama cikakken Bajamushe kuma ya kiyaye dokoki 613?

Kashi na farko suka ce a yi gyara. A Hamburg a 1818 aka buɗe majami'a mai wa'azi da Jamusanci da kayan kiɗa irin na coci. Waɗannan su ne 'yan Rifom, watau 'yan gyara. A ganinsu kyawun hali da adalci su ne zuciyar addini, dokokin abinci da na Asabar kuwa kowa ya ɗauki abin da ya ga yana da ma'ana gare shi. Maza da mata suna zama sahu ɗaya, kuma a 1972 suka naɗa mace ta farko, Sally Priesand, ta zama rabbi a Amurka. Kashi na biyu suka ce ko wasali ba za a taɓa ba, domin doka daga Sama take. Su ne Otodoks, ko da yake cikinsu akwai masu zuwa jami'a su yi aikin likita ko lauya da 'yar hularsu a ka, akwai kuma Haredawa masu gudun duk wannan. Kashi na uku suka tsaya tsakiya, suka ce doka tana nan daram amma malamai suna iya yin ijtihadi gwargwadon zamani. Su ne Kwanzabatib. Alal misali, a 1950 malamansu na Amurka suka halatta shiga mota ran Asabar in majami'a za a je, abin da Otodoks ke ɗauka babban saɓo ne.

Wani bincike da cibiyar Pew ta yi a Amurka a 2020 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na Yahudawan ƙasar 'yan Rifom ne, kashi 17 Kwanzabatib, kashi 9 Otodoks, wajen kashi ɗaya cikin uku kuwa ba su cikin kowace ƙungiya. Da yawa ma ba su yin addinin sam, Yahudancinsu na jini da al'ada ne kawai. Wannan wuri ne da ke ruɗa mu, domin a wurinmu wanda ya ce bai yarda da Allah ba ya fita daga Musulunci, amma a wurinsu ɗan Bayahudiya yana nan Bayahude ko bai taɓa taka majami'a ba.

BATUN ƘASAR ISRA'ILA

Yanzu sai mu dawo kan hoton da ya rikita majalisa. Ƙungiyar Sahayoniya, mai neman kafa wa Yahudawa ƙasa, ɗan jarida ne ya tara ta, Theodor Herzl, a birnin Basel a 1897, kuma shi ba mai ibada ba ne. Malamai da yawa na wancan lokaci sun ƙi ta. 'Yan Rifom na Amurka tun a 1885 suka rubuta cewa ba su jiran komawa Falasɗinu, sai a 1937 suka sauya. Otodoks da dama kuwa suka ce haramun ne a kafa mulki da ƙarfin hannu kafin zuwan Almasihun da suke jira. Kisan da aka yi a Turai ya sa mafi yawa suka koma goyon bayan ƙasar, amma har yau Hasidawan Satmar, masu dubban mabiya a New York, ba su yarda da ita ba. Wata ƙaramar ƙungiya kuma, Neturei Karta, wadda aka kafa a Birnin Kudus a 1938, ita ce ke fita zanga-zanga da tutar Falasɗinu. Su ne na cikin hoton, kuma ba su da yawa.

A ɗaya gefen akwai masu bin koyarwar Ibrahim Kook, wanda ya rasu a 1935, masu ganin komawa ƙasar ibada ce. Daga cikin almajiran ɗansa ne aka sami ƙungiyar Gush Emunim a 1974, wadda ta ja gaban kafa matsugunai a Yammacin Kogin Urdun, abin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha cewa ya saɓa wa dokar duniya. Ga mutum biyu, duka Otodoks, littafi ɗaya suke karantawa, wannan ya ce kafa ƙasar saɓo ne, wancan ya ce faɗaɗa ta wajibi ne. Akwai kuma Yahudawa matasa a Amurka da suka fito kan titi tun 2023 suna neman a tsagaita wuta a Gaza.

Cikin Isra'ila kanta rigimar tana nan. A 1948 David Ben-Gurion ya ɗauke wa ɗaliban Talmud wajen 400 aikin soja. Yau Haredawa sun haura kashi ɗaya cikin goma na mutanen ƙasar, sauran jama'a suna ƙorafin 'ya'yansu ke zuwa fagen fama, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yuni na 2024 cewa dole a ɗauke su. Manyan malaman gwamnati biyu ne, ɗaya Ba'ashkenaze ɗaya Basefarde, duka Otodoks, kuma auren Yahudawa yana hannunsu. Wanda ba su yarda da shi ba yakan tafi Kubrus ya ɗaura aure ya dawo.

WANE NE BAYAHUDE?

Duk saɓanin nan yakan taru a kan tambaya guda. Otodoks sun ce Bayahude shi ne wanda uwarsa Bayahudiya ce, ko wanda ya shiga addinin a hannun malamansu. 'Yan Rifom na Amurka tun 1983 suna karɓar ɗan uba Bayahude in an rene shi cikin addinin. Ƙara'awa ta wajen uba suke bi. Dokar Isra'ila kuwa, bayan gyaran 1970, tana ba jikan Bayahude izinin zama ɗan ƙasa, ko da malamai ba za su ɗaura masa aure ba.

Tambayar ta iso Nijeriya. A ƙasar Ibo da Fatakwal da Abuja akwai 'yan ƙasarmu masu kiyaye Asabar, masu addu'a da Ibrananci a majami'unsu, da yawa daga cikinsu sun biyo ta coci-cocin masu hutun Asabar kafin su bar Kiristanci. Suna cewa asalin Ibo daga Bani Isra'ila ne, suna kafa hujja da kaciyar kwana takwas da waɗansu al'adu, kamannin da Olaudah Equiano ya ambata tun 1789. Manyan malaman Isra'ila ba su karɓi wannan da'awa ba, waɗanda suka fi kawo musu ziyara da littattafai malaman Amurka ne. Irin wannan ya faru a Uganda, inda wani basarake, Semei Kakungulu, ya rungumi Yahudanci a 1919. Jama'arsa, Abayudaya, sun sha wuya zamanin Idi Amin, sa'an nan malaman Kwanzabatib suka shigar da ɗaruruwansu addinin bisa ƙa'ida a 2002. Ga Kwanzabatib su Yahudawa ne cikakku, ga manyan malaman Isra'ila kuwa da saura.

Hulɗar Nijeriya da gwamnatin Isra'ila ta sha hawa da sauka. Sardaunan Sakkwato ya ƙi rancenta a 1960, gwamnatin Janar Gowon ta yanke zumunci a 1973, aka maido a 1992. Wannan sha'anin gwamnati ne, kuma kowa yana da damar faɗin ra'ayinsa a kansa. Amma kalmar Bayahude ta haɗa attajirin Tarabulus da ya ba kakan wani ɗan Fezzan yadi bashi, da dattijon New York mai tutar Falasɗinu, da mai kafa matsuguni kusa da Nablus, da matar da ke limanci a Landan, da ɗan Nijeriya mai rufe shagonsa ran Asabar a Abuja. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. In aka sāke cewa Yahudawa sun yi kaza a majalisar Mafoni, ya kamata a sami mai tambaya: waɗanne daga ciki? Allah ya ƙara mana sani, ya ba ƙasarmu da duniya zaman lafiya.